Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Mustang Idan Aljihu Ba Nauyi

Motocin ƙarfi na Amurka, irin su Pontiac GTO da ta fito a 1964, da Chevrolet Chevelle da Dodge Charger, sun yi tashensu ne daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Bodi matsakaici, inji ƙato mai silinda 8, ƙara kuwa ba a magana. Tsadar inshora da dokokin hayaƙi da ƙarancin fetur na 1973 su suka rufe wannan babi. Yau masu suna a cikinsu sun fi ƙarfin ɗan koyo mai albashin wata, shi ya sa zan yi bayanina a kan Ford Mustang ta 1965 zuwa 1968. An fara nuna ta a birnin New York ranar 17 ga Afrilu 1964, kafin ta cika shekara biyu an ƙera miliyan ɗaya. Yawan nan shi ne ribarka: har yanzu ana samunta, kuma kusan duk kayanta, tun daga ƙarfen daɓe har zuwa robar gilashi, ana ƙera sabbinsu. Nemi mai but a ware, don mai kwantaccen baya da mai buɗaɗɗen rufi sun fi tsada nesa ba kusa ba. Mafi yawan abin da zan faɗa ya hau kan Ford Falcon da Chevrolet Nova da Plymouth Duster, sai dai lambobi da wasu kayan sun bambanta.

Duk bayanin nan a kan doka ɗaya ya tsaya: ka sayi bodi mai lafiya, kuma kada ka wargaza motar. Ka bar ta a kan tayoyinta, ka riƙa gyara sashe ɗaya kana mayar da shi kafin ka taɓa na gaba.

Kayan aiki

Notunan waɗannan motoci da inci aka auna su, don haka sufanun milimita ba za su yi maka ba, sai ma su cinye kan noti. Ka tanadi:

- Sufana da soket na inci, daga 1/4 zuwa 1. Waɗanda za ka fi ɗauka su ne 7/16 da 1/2 da 9/16
- Dogon hannun soket na kwance noti mai taurin kai, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri
- Sufanar bututun birki, mai rungumar noti ta kusan kowane gefe
- Jak mai taya, da ƙafafun ƙarfe 4 na tokare mota
- Sukundireba, filaya, guduma, buroshin ƙarfe, girenda ta inci 4 da rabi
- Mitar lantarki da fitilar gwajin waya
- Maganaɗisu ƙarami da tocila mai haske
- Man kwance tsatsa, jakunkunan leda, alƙalamin maka da tef
- Tabarau, safar hannu, takunkumi mai matata, da tukunyar kashe gobara
- Littafin gyara na Ford na shekarar motarka. Ana sake buga shi, kuma duk awon ɗauri da taswirar waya suna ciki

Abin da za ka yi amfani da shi sau ɗaya kada ka saya. A Amurka, shagunan kayan mota na AutoZone da O'Reilly suna ba da aron ma'aunin kwamfireshan da abin matse sifirin da na murza bakin bututu: ka ajiye kuɗin jingina, in ka mayar da kayan su mayar maka da kuɗinka. Injin walda kuma ka dakata da shi tukuna.

1. Raba kuɗin tun kafin ka ga mota

Abin da nake gaya wa kowa shi ne kada kuɗin saye ya wuce rabin abin da ke hannunsa. Sauran na birki ne da taya da tanki da lagireto da batir, da kuɗin ɗauko ta, da abin da ba ka zata ba, wanda ba ya ƙin zuwa. Ka kuma san inda za ka ajiye ta. Unguwanni da gidajen haya da yawa a Amurka ba sa yarda a bar mota marar lamba a waje.

2. Saye

Nan ne ake cin riba, nan ne kuma ake karyewa. Inji ko ya mutu murus, kuɗin gyaransa sananne ne. Tsatsa ce ba ta da iyaka, don Mustang ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai. Motar da ta yi rayuwarta a Michigan ko Ohio, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tana ruɓewa daga ƙasa. Ta Arizona ko Nevada rana ce ke ƙona fentinta da kujerunta, ƙarfen kuwa yana nan garau. Gara ka biya kuɗin ɗauko ta daga nesa.

Je da rana, da tocila da maganaɗisu da sukundireba da galan ɗin ruwa. Fara da ramukan iskan nan da ke tsakanin bonet da gilashin gaba. Nemi izinin mai motar ka tsiyaya ruwa a ciki, ka sunkuya ka haska ƙarƙashin dashbod. In ka ga ruwa yana ɗiga kan kafet, to kwanon da ke ciki ya ruɓe. Gyaransa sai an cire gilashi da fenda, an huda ɗigon walda masu ɗimbin yawa. Ɗan koyo ya bar irin wannan motar.

Daga nan ɗaga kafet ka duba daɓe. Kwanta ƙarƙashi ka danna sukundireba a dogayen ƙarafan da suka bi tsawon motar, gaba da baya, musamman inda sifirin baya ya kama. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa lotsawa yake yana zubar da jan gari. Duba wurin zaman batir, da ɗakunan shokazoba biyu a cikin gidan inji ko sun tsage, da ƙasan but ta gefe da gefe. Bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyin baya da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, bodifila, wato ƙullun cike ramin bodi, aka cusa aka shafe da fenti. Ni sabon fenti mai sheƙi a kan mota mai araha ya fi tsorata ni a kan tsohon da ya koɗe, domin wanda ya koɗe bai ɓoye komai ba. Araha ba ta ado.

Ramin daɓe kamar tafin hannu abu ne da za ka iya. Ruɓaɓɓen ƙarfen ɗaukar nauyi, ko ƙofar da ba ta rufuwa daidai saboda bodin ya lanƙwashe, ka yi sallama ka tafi.

Sai takardu. Lambar motar haruffa da alƙaluma 11 ce. A ta 1965 zuwa 1967 an buga ta a kan ƙarfen gidan inji ta ɓangaren direba, a ta 1968 kuma akwai faranti da ake hangowa ta gilashin gaba. Dole ta dace da ta takardar mallaka. Kada ka dogara da farantin jikin ƙofa kaɗai, ana canza ƙofa. Harafi na biyar shi ke faɗin injin da aka ƙera ta da shi: T mai silinda 6 ne, C kuma 289 ne, wato lita 4.7 mai silinda 8, wanda shi nake so ka samu. Mai silinda 6 ta fi araha kuma tana da daɗin gyara, amma kada a ruɗe ka cewa sauya mata inji abu ne mai sauƙi. Notin tayarta 4 ne, na mai silinda 8 kuwa 5, birki da aksul da sitiyari duk sun bambanta. Dokar takardu ta danganta da jiha. A New York, misali, motar 1972 zuwa ƙasa ba ta da takardar mallaka, takardar rajista ce ake miƙa wa mai saye. Tambayi ofishin rajistar motoci na jiharka kafin ka ba da ko sisi.

3. Ranar da ta iso gida

Kada ka murza makulli. Kwashe shara, ka sa takunkumi don ɓeraye kan yi sheƙa a kujeru da cikin hita. Wanke ta, ka ɗauki hoton kowane lungu da wayarka, musamman wayoyi da tiyo da sandunan kafireto. Duk abin da ka kwance, notunansa su shiga leda ɗaya, ka rubuta suna. Kada ka jefar da tsohon kaya sai sabon ya zauna ya yi aiki. Sau da yawa na asali in an wanke ya fi sabon da aka kwaikwaya inganci.

4. Tada inji

Injin da ya yi shekaru a kwance ba mai a jikin ƙarafansa. In ka tada shi haka, cikin minti guda za ka yi masa ɓarnar da zaman bai yi ba.

Cire fulogi duka 8, ka sa wa kowace waya lamba. Zuba kamar cokali biyu na man giyar otomatik a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sa soket 15/16 a babban notin da ke tsakiyar fulin ƙasa, ka juya da hannu ta yadda agogo ke tafiya in kana fuskantar injin. In ya zagaya sau biyu sumul, alhamdulillahi. In ya ƙi, ƙara mai ka ƙara haƙuri, kana ɗan rausaya shi gaba da baya. Kada ka sa ƙarfi, kada ka ja motar da wata don ya saki, ringi ne zai karye.

Juye tsohon baƙin mai ka dube shi. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. In ka ga gutsattsarin roba mai tauri, haƙoran giyar taimin ne, don Ford ta lulluɓe su da nailan, kuma da tsufa suna ɓarewa su toshe matatar famfon mai. Wannan sai ka sauke kwanon mai ka wanke, ka sa sabuwar sarƙa da giya ta ƙarfe zalla. Kayan ba su da tsada.

Sa sabuwar filta da mai. Ka kula da irin man: kamshaf ɗin waɗannan injuna gogayya yake yi da ƙarfe kai tsaye, yana bukatar mai mai sinadarin zinc da yawa, wanda aka rage a man motocin zamani. Nemi wanda aka rubuta na tsofaffin motoci ne. In kana so mai ya zagaya kafin tashi, yi alama a inda distirbito yake fuskanta, ka zare shi. Za ka ga sanda mai kusurwa 6 ta inci 1/4 a ƙasa. Juya ta da soket a bakin dirila, akasin tafiyar agogo, har mai ya fito a sama. Naɗe soket ɗin da tef ya kama sandarsa, in ya faɗa ciki sai an sauke kwano. In ba ka da dirila, bar fulogi a cire, ka cire wayar koyil, ka riƙa ba shi kik na daƙiƙa 10 kana hutawa har fitilar mai ta mutu ko allurar ma'aunin mai ta ɗaga.

Tun da fulogi na waje, auna kwamfireshan, totur a buɗe. Abin dubawa shi ne kada silinda su bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100. In ɗaya ya yi ƙasa, ɗiga masa mai ka sake. Ya tashi, ringi ne. Bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Kada ka yanke hukunci tun yanzu, ringin da ya manne yakan saki bayan injin ya yi zafi sau da dama.

Sa sabon kontak da kondensa, tazarar kontak inci 0.017. Jerin wutar 289 shi ne 1-5-4-2-6-3-7-8, rota na juyawa akasin agogo. Silinda 1 zuwa 4 suna ɓangaren fasinja daga gaba zuwa baya, 5 zuwa 8 ɓangaren direba. Yawancin injin da ya ƙi tashi yana ta harbi ta kafireto, wayoyin nan aka juya.

Tsohon fetur ya zama danƙo, kada ya kusanci kafireto. Cire tiyon da ya fito daga tanki, ka sa wani daga ƙaramar jarka zuwa famfon mai. Kafireto Autolite 2100 da ke kan injin C yana cikin mafi sauƙin kafireto da aka taɓa yi. Sayi kayan gyaransa, ka wanke shi a yini ɗaya, ba sai ka sayi sabo ba. Fitar da motar waje, tukunyar kashe gobara a kusa. Kada wani ya riƙa tsiyaya fetur a bakin kafireto ana ba da kik, haka ake ƙone fuska. Da ya tashi, idonka a kan fitila ko ma'aunin mai da zafi da yoyo.

In injin ya mutu da gaske, kafin ka kai shi a gyara daga tushe, leƙa makabartar motoci. Injin Ford Explorer ta 1996 zuwa 2001 mai lita 5.0 danginsa ɗaya da 289, ana ɗora shi da 'yan canje-canje a kwanon mai da murfin gaba da fulawil.

5. Birki, kafin ta taka titi

Ko zagayen unguwa kada ka yi sai ka gama wannan. Motar 1965 da 1966 mastan birkinta mai tukunya ɗaya ne: tiyo guda ya fashe, tayoyi huɗu sun rasa birki. Daga 1967 aka koma mai tukunya biyu. In taka ta farko ce, mayar da ita mai biyu. A duk kuɗin da za ka kashe wa motar babu wanda ya fi wannan amfani.

Tokare motar da ƙafafun ƙarfe a kan siminti. Jak kaɗai ko bulo ba abin shiga ƙarƙashi ba ne. Buɗe durom biyu amma ka kwance gefe ɗaya, ɗayan ya zama abin dubawa, don sifirin ɗin ciki suna da rikitarwa. Tsohon shu na iya ƙunsar asbestos, kada ka hure ƙurar da iska, jiƙa ta ka goge. Canza shu, da ƙananan silindan taya, da tiyon roba guda uku. Bututun ƙarfe in ya yi tsatsa shi ma ya tafi. Na nikel da tagulla da ake sayarwa don birki yana lanƙwasuwa da hannu, amma bututun tagulla na famfon gida haramun ne a nan. Fitar da iskar masta tun yana kan benci, sannan ka bi tayoyi daga mafi nisa: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Man birki DOT 3 ake sawa, kuma yana cin fenti, ka goge nan take in ya ɗiga.

Birkin faifai a gaba abu ne mai kyau, masu ƙaramin ƙarfi sun daɗe suna ciro na Ford Granada ta 1975 zuwa 1980. Amma durom da aka gyara da kyau ya isa tuƙin cikin gari. Wanda ya sayi Dodge ko Plymouth ta 1970 zuwa ƙasa ya sani cewa notunan tayar ɓangaren direba a juye suke kwancewa, za ka ga harafin L a kan kusar.

6. Tanki, ruwa da waya

Tankin galan 16 ne, kuma samansa shi ne daɓen but. Sabo ba shi da tsada, bai kai wahalar wanke tsohon ba. Toshe gefensa da kyau in ka ɗora, don warin fetur na shiga cikin mota ta nan. Fetur ɗin Amurka na yau galibi yana da ethanol kashi 10, yana cin tsohuwar roba, saboda haka duk tiyon mai ya zama sabo. Wanke lagireto, canza tiyo da fambel da tamostat. In giyarka otomatik C4 ce, man Type F take sha.

Matsalar wuta kuma yawanci datti ne a mahaɗa ko wayar da ke zuwa jikin bodi ta saki. Kwance, goge, mayar. Inda wani ya murɗa waya ya naɗe da tef, yanke ka haɗa da dalma. Fis ya ƙone, nemo dalili, kada ka sa wanda ya fi shi girma.

7. Ƙafa da taya

Duba alƙaluma 4 na ƙarshe a lambar DOT ta jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In alƙaluma 3 ne, tun kafin 2000 aka yi ta. Tayar da ta kai shekara 10 ta tashi aiki ko zanenta bai goge ba. Ɗaga gaba, girgiza taya sama da ƙasa, hagu da dama, ka canza boljoyin da tayarod da bushin da suka yi wasa. Sifirin gaban Mustang a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. In ba ka samu abin matse shi mai kyau ba, kai wa gareji wannan aikin kaɗai. Bayan haka a daidaita tayoyi, ka yi inshora da lamba, ka fara hawa. Watanni kaɗan na tuƙi za su nuna maka abin da ke bukatar kuɗi da gaske.

8. Tsatsa da walda

Tsatsar sama a kankare ta da girenda har farin ƙarfe ya fito, a shafa furama ta epoxy. Wadda ta huda kuwa yankewa ake yi a sa sabon ƙarfe. Bodifila a kan rami ba ya wuce damina ɗaya ko biyu.

Yanzu ne lokacin sayen ƙaramin injin walda na MIG mai gas, da waya mai kaurin inci 0.023. Ƙarfen bodi siriri ne, ka yi ta gwaji a kan tarkace har ka daina huda shi. Kwalejojin unguwa da dama suna da ajin walda na yamma. Ka sauke tanki, cire kafet da kan batir, duba bayan wurin ko akwai bututun mai. Yanke faci da kwali tukuna, sannan ka kwafa a ƙarfe. Kada ka ja walda dogon layi, zafi zai murɗe ƙarfen. Ɗiga a nan, tsallaka can ka ɗiga, bari ya huce, har ɗigon su haɗe. Kada ka taɓa goge wurin walda da feshin wanke birki mai sinadarin chlorine, zafi yana mayar da shi iska mai guba. Fara da daɓe inda kafet zai rufe, kafin hannunka ya faɗa. In ba halin sayen inji, yi yanka da gyaran faci da kanka, ka kira mai walda ya haɗa, kuɗin zai ragu sosai.

9. Fenti da cikin mota

Fenti ne ke haɗiye kuɗi, kuma mafi yawansa ladan shiri ne. Kafin komai gwada wanke tsohon da man goge fenti, wani lokaci yakan farfaɗo ya ba ka mamaki. In dole sai sabo, cire bamba da fitilu da adon ƙarfe da kanka, ka yi aikin samfefa da dogon katako don kada bodi ya yi tudu da kwari. Bodifila kada kaurinsa ya wuce milimita 3. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, ka sa takunkumi. Feshin ƙarshe ka kai wa shagon fenti, don fenti mai haɗin biyu yana da sinadarin da ke lalata huhu, takunkumin takarda ba ya tare shi. Lambar kalar asali tana kan farantin ƙofa. Zama a kan kalar da take da ita ya fi sauƙi, ba sai an fesa cikin ƙofofi da but ba.

Bayan fenti sai sabbin robobin ƙofa da gilashi, sannan kafet da rigar kujeru, waɗanda ake sayarwa a ɗinke, kai ne za ka ɗaura da zoben ƙarfe da filayarsa. Shanya rigar a rana ta yi laushi kafin ka ja ta. Adon ƙarfe da ƙananan kaya kuma ka neme su a kasuwannin tsofaffin kayan mota na Carlisle da Hershey a Pennsylvania, ko Pomona a California. Tafi da tsohon kayan a hannu ka gwada, domin na 1966 da na 1967 sukan yi kama a ido amma ramukan notinsu ba ɗaya ba ne.